Harbi, Sa'idu

Ni na goyi Muntaka. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ni ce babba, kuma tun yana bayana bakin nan nasa bai san hutu ba. Don haka in wani ya tare ku zai ba ku labarin waken Furera, ku ce ya bari Aina'u ta zo, ni abin ya fi ci wa rai.

Muntaka ya yi shekaru a Legas yana gadin wani shagon tayoyi. Sa'anninsa da suka tafi tare sun dawo, wani da babur, wani da injin markaɗe. Shi kuwa ya dawo da tabarau da wani ilimi da ya ce a bakin ƙofar gadi Allah ya buɗe masa: wai Turanci kaf ɗinsa Hausa ne. A faɗarsa, Turawa sun zo ƙasar nan da 'yan kalmomin da ba su isa cinikin goro ba, suka kwashi namu suka zuba a jirgi, suka kai gida suka lanƙwasa su ta hanci, sannan suka dawo da su suna koya wa 'ya'yanmu a aji kamar kayan ubansu.

Hujja kuwa ba ta ƙare masa. Jaki da suke ce wa donki, ya ce ai "don kai" ne, don kai kaya kasuwa. Uwa da suke ce wa mada, daga madara ne, wa ke shayarwa in ba uwa ba? Kicin "ki ci nan" ne. Matar aure kuma da suke kira waif, wai wani Bature ne ya ji Bahaushe yana cewa "wayyo fa" bayan an kai masa amarya. Wannan ta ƙarshe matarsa ta farko ta ji ta da kunnenta. Ba a daɗe ba ta tattara kwanukanta ta koma gidansu, ta ce ba duka ba zagi, kunnuwanta ne suka gaji.

A ƙauyenmu, nan kusa da Minjibir, maza kan taru a gindin dalbejiyar bakin masallaci bayan la'asar. Nan Muntaka ya kafa makarantarsa. Mutum ɗaya ne ke iya ja da shi, Malam Naziru, mai koyar da Turanci a sakandare. Bawan Allah ya yi iya yinsa. Ya ce kalma tana da dangi da asali kamar mutum, ba a kama ta da kunne kawai. Ya kawo misalin sukari, ya ce mu da Turawa duk ta hannun Larabawa kalmar ta iso mana, shi ya sa shuga da sukari suka yi kama. Muntaka ya gyara tabarau ya tambaye shi, su Larabawan a wurin wa suka ji.

Daga nan Muntaka ya ƙure shi a kan donki. Malam Naziru mutum ne mai gaskiyar tsiya. Ya daddanna wayarsa, sannan ya ce gaskiya wannan kalmar Turawan ma ba su da tabbacin inda ta fito. Da cewa ya yi caji ne ya ƙare, da ya taimaki gari. Muntaka ya miƙe tsaye ya sa kowa ya shaida cewa malamin Turanci ya sallama da bakinsa. Ranar bai ci tuwona ba sai da tuwon ya huce, saboda sai da ya bi gida-gida yana ba da labari.

A lokacin ina tsakiyar zirga-zirgar nema masa auren Furera. Bazawara ce, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya mata biyu da wata 'yar gona a bayan gari. Wake take shukawa a ciki, ta soya ƙosai kowace safiya, da shi take ci da yaranta har shekara ta zagayo. Mace ce mai hankali, ba ta da hayaniya, kuma abin mamaki Muntaka yana ba ta dariya. Takalmina ya ƙare a hanyar gidansu. Na san in wannan ta kuɓuce masa, haka zai tsufa a zauren gidana yana cin tuwona yana gaya mini asalin cokali. Matsalar ita ce baffanta, Alhaji Hashimu, wanda aurenta ke hannunsa. Ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye, shi bai ƙi ƙanena ba, amma yana so ya ga abu ɗaya da bakin nan ya taɓa gyarawa.

Na kai wa Muntaka saƙon don ya rufe baki ya rungumi fartanya ya koma gonar wakensa. Shi kuwa ya ɗauke shi a matsayin gayyata. Washegari ya ajiye benci a gindin dalbejiya ya yi shela: duk wanda ke da kwalba ko kwali ko gwangwani mai rubutun Turanci ya kawo, zai mayar masa da shi Hausarsa ta asali, kyauta. In gari ya ga amfaninsa, Alhaji zai ba shi aure. Bayan aure zai shiga gidan rediyo a Kano ya kira Turawa su dawo da kayan aro, in ba za su dawo da su ba su yi godiya. Haruffa dai ya iya haɗa su, ya yi firamare. Abin da suke nufi ne yake ɗinkawa da kansa.

Baba Audu ne ya fara faɗawa hannunsa. Tsoho ne mai tari, jikarsa ta aiko masa da maganin ruwa daga birni. Muntaka ya ɗaga kwalbar ya karanta "shek wel", ya ce wannan ko yaro ya gane, shek ai shaƙa ne, a shaƙa da kyau. Baba Audu ya koma gida yana buɗe kwalba safe da yamma yana jan ta da hanci. Har yabon maganin yake yi, wai bai taɓa ganin mai albarka irinsa ba, ana ta amfani da shi ba ya raguwa. Tarin kuwa ya yi ƙarfin da in ya fara a sahun sallah liman sai ya ɗaga murya. Da Malam Naziru ya ga kwalbar ya ce girgizawa ake nufi, a girgiza sannan a sha, Muntaka ko gezau. Ya ce duk wanda ya shaƙi abu da ƙarfi ai kansa girgiza yake yi, maganarsu ɗaya ce da malam, hanya ce kawai ta bambanta.

Sai kuma maigidana, da na hana shi bai hanu ba. Ya ɗauki Muntaka rakiya zuwa wani ofis a Kano a kan maganar taki. Suka isa suka tarar da ƙofar gilashi da rubutu a jiki. Muntaka ya karanta "fush", ya riƙe hannun maigidana ya ja shi baya. Ya ce gargaɗi ne, ma'aikatan ciki suna fushi, mai hankali ya jira su huce. Suka zauna a kan dakali. Mutane na ta tura ƙofa suna shiga suna fita, Muntaka yana girgiza kai yana cewa dubi marasa karatu. Suna nan har aka tashi aiki aka sa kwaɗo. Maigidana ya dawo gida ba taki, ba abinci a ciki, ya kwana biyu ba ya amsa mini sannu.

Na je na same shi na yi masa tas. Na ce Muntaka ka ji tsoron Allah, gari ya fara dariya, kuma Alhaji Hashimu yana da kunne. Ya ce duk mai kawo sabon ilimi haka ake yi masa da fari. Ya ƙara da cewa waɗannan ƙananan ayyuka ne, babban yana tafe.

Babban kuwa ya zo da kansa. Damina ta yi nisa, waken Furera ya yi kyau ya fara fure, sai ƙwari suka sauka a kai. Ba wani abu ba ne sabo, kowace shekara ana yi, a sayo maganin feshi a fesa a wuce wurin. Furera ta ce ko akwai mai zuwa kasuwar Minjibir ya sayo mata. Muntaka ya ce shi zai sayo, shi zai fesa, da hannunsa. Na ɗauko tsohuwar kwalbar bara na ce ya tafi da ita ya nuna wa mai shago, ya ce irin wannan. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wannan dabarar waɗanda ba su iya karatu ba ce, yaya.

A shagon, ranar kasuwa ce, mutane sun cika. Ya tsaya gaban kanta ya karanta kwalabe da kansa. Mai shago ya buɗe baki zai tambaye shi me zai fesa, ya ɗaga masa hannu ya ce ya karanta. Ya ɗauki wata sabuwar kwalba da ba a saba gani a wajenmu ba, ya zura a aljihu, ya hau mota. Da yamma ya bayyana wa majalisa yadda ya yi zaɓi, kuma maigidana ya kawo mini maganar yadda ta fito.

"Kwalabe iri biyu ne," in ji shi. "Ɗaya an rubuta insektisayid, ɗaya harbisayid. To ku saurara. Akwai wani Bature da ya yi yaron gida Bahaushe mai suna Sa'idu. In sun kama ƙwaro mara laifi sai Bature ya ce, 'In sake ta, Sa'idu?' Shi ne insektisayid, maganin da ke kama ƙwaro ya sake shi. Shi kuke saye duk shekara, shi ya sa ƙwarin ke dawowa. In kuwa ƙwaro mugu ne sai ya ce, 'Harbi, Sa'idu.' Wannan shi na sayo."

Tsakani da Allah maganar ta shiga kunnen wasu, don ƙwarin kam suna dawowa duk shekara. Malam Naziru kuma ba ya gari, makaranta ta tura shi Kano wani taro. Manomanmu da launi suke gane kwalba, wannan kuwa baƙuwa ce, kuma Muntaka ya ƙi barin kowa ya riƙe ta. Wani ya ce shi dai warin ya yi masa kama da na maganin ciyawa. Muntaka ya ce hanci ba ya karatu.

Ranar feshi sai ka ce biki. Ya goya tankin feshi, ya ɗaura rawani a hanci, tabarau a sama, ya ninka ma'aunin magani don wai harbin ya yi nisa. Duk kunyar da ya shiga sai ya ɗaga murya ya ce, "Harbi, Sa'idu!" Mutane suka tsaya a bakin gona suna kallo. Bai bar ganye ɗaya a bushe ba. Da ya gama, ɗan abin da ya rage a tanki ya tsallaka iyaka ya fesa wa kuɓewar Alhaji Hashimu, ya ce wannan kyautar suruki ce. Sannan ya sanar cewa ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci kowa ya biyo shi a zo a ga gawar ƙwari. Ya roƙi kada kowa ya leƙa kafin nan, wai magani ba ya son ido. Alhaji Hashimu ya ce in ya ga gawa, a nan bakin gonar zai sa ranar aure.

Ni kam har na fara murna. Na ce wataƙila wannan karon Allah ya dube mu. Na tanadi goro, na wanke mayafina, na aro wa Muntaka babbar rigar maigidana ba tare da mai ita ya sani ba.

Ran Juma'a muka riga maza fita, ni da wasu mata, muka nufi gindin kukar da ke gefen gonar. Gonar da na sani kore shar ta koma kamar an bi ta da wuta. Ganye ya yi ja ya nannaɗe, fure ya zube, har ciyawar cikin kwari ta mutu, gona ta yi fes ba abin da ke numfashi. Na ce inna lillahi, na nemi wuri na zauna a kan saiwar kuka da goron a cinyata.

Can sai ga maza sun taho, cincirindo guda. Muntaka ne a gaba cikin babbar riga, amma da baya yake tafiya, fuskarsa na wajen jama'a, yana yi musu bayanin Sa'idu da Baturensa. Shi ya sa kowa ya ga gonar kafin shi. Ya ga mutane sun tsaya cak, bakuna a buɗe, ya ɗauka mamakin iliminsa ne, ya ƙara murya. Sai da dugadugansa suka taka busasshen ganye ya ji ƙaras, sannan ya juya.

Alhaji Hashimu ne ya fara magana, a hankali. Ya tambaya ina gawar. Muntaka ya ce ƙwarin sun mutu sun shige ƙasa. Alhaji ya ce to waken fa. Muntaka ya ce harbin ne ya yi ƙarfi, ya huda ƙwaro ya wuce ya sami ganye, kuma wannan shaida ce cewa maganin na gaske ne. Sai Baba Audu ya yi kira daga gonarsa da ke maƙwabtaka, yana tari, ya ce in ƙwari ake nema a zo, ga su nan duk sun yi ƙaura zuwa wajensa da ransu da lafiyarsu. Muntaka ya ce waɗannan baƙi ne, ba su ba ne. Baba Audu ya ce to ya zo ya tambaye su.

Malam Naziru ya dawo gari a safiyar, yana cikin taron. Ya miƙa hannu ya ce a ba shi kwalbar. Da ƙyar ta fito daga aljihu. Ya duba ya ce wannan maganin kashe ciyawa ne. Farkon kalmar daga tsohon harshen Latin yake, ma'anarsa tsiro ko ciyawa, ƙarshenta kuma kisa yake nufi, babu harbi babu Sa'idu a ciki. Ɗayar da ya bari a shago ita ce mai kashe ƙwari. Sannan ya juya bayan kwalbar ya ɗaga wa jama'a. Hoton ciyawa ne ɓaro-ɓaro, an ja mata jan layi. Muntaka ya ce shi ba ya duba hoto, hoto na yara ne. Baba Audu ya tambaya ko wannan ma shaƙa ake yi. Dariya ta ɓarke, har da masu zama a ƙasa.

Ana cikin haka idon Alhaji ya faɗa kan kuɓewarsa. Ta sunkuyar da kai, ta yi laushi kamar an dafa ta a tsaye. Alhaji ya cire hula ya share gumi ya mayar. Muntaka ya ga ƙasa na zamewa, ya yi yunƙurin ƙarshe. Ya gyara tabarau ya tambayi Malam Naziru, su mutanen Latin ɗin a wurin wa suka ji.

Ba wanda ya yi dariya, saboda Furera ta iso. Ban ga zuwanta ba, sai ganinta na yi a tsakiyar gonar da mayafinta. Ta tsuguna ta kama reshe ɗaya, ya marmashe a hannunta. Ta matsa gaba ta kama wani. Ba kuka ba zagi. Wallahi da ta yi zagi da ya fi mini sauƙi. Abincin yaranta na shekara ne a kwance, kuma lokacin sake shuka ya wuce. Na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, na ji tausayinta, na kuma ji kamar in tashi in shaƙe ƙanena da rigar aro.

Ta miƙe ta karkaɗe hannu ta dube shi.

"Muntaka, me zan soya bana?"

Ya buɗe baki. Ya ce sori, ya fara cewa ita ma wannan kalmar in aka bi asalinta, sai ta katse shi.

"Da Hausa."

Ya tsaya. Ya dubi jama'a, ya dube ni, ya dubi gonar. Ya cire tabarau ya riƙe.

"Ban sani ba, Furera. Ban san abin da ke cikin kwalbar nan ba. Ki yi haƙuri. Waken gonata naki ne, har harawar."

Ni da na goye shi ban taɓa jin "ban sani ba" daga bakinsa ba sai ranar. Alhaji Hashimu ya ce a tashi, magana ta ƙare, ba aure ba dalilinsa. Har mutane sun fara juyawa Furera ta ce baffa ya ɗan dakata. Ta ce a ajiye maganar sai kaka. In wakensa ya nuna, ya roro shi, ya sussuke, ya kawo mata ƙofar gida a kansa, ya ajiye ba tare da ya gaya mata asalin komai ba, to a sa rana. In ya ƙara ko kalma ɗaya, ya bar waken ya kama hanya. Alhaji ya ce ya yarda, don ya tabbata kuɓewarsa za ta farfaɗo kafin bakin nan ya iya yin shiru.

Benci ya bar gindin dalbejiya. Muntaka ya tare a gonarsa, kullum yana can, maganin ƙwari kuwa tsohuwar kwalba ya ɗauka ya kai wa mai shago ya ce irin wannan. Maigidana ya karɓe rigarsa, ya ƙara kwana biyu ba ya amsa mini sannu.

Da kaka ta yi, ranar da zai kai buhun farko na bi bayansa ƙafa da ƙafa, ban yarda da shi ba. Sai da muka bi ta bakin masallaci, majalisa a cike. Suka yi ta jefo masa tambaya, wannan ya ce kalmar buhu ina asalinta, wancan ya ce gumi fa. Ina ganin jijiyar wuyansa tana motsi, amma ya wuce. Muka isa ƙofar gidan, ya yi sallama ya sauke buhun. Furera ta fito, Alhaji Hashimu na zaune a zaure yana jan carbi. Ta dubi buhun, ta dubi Muntaka, ta tambaye shi mene ne wannan.

"Wake," in ji shi.

Ta jira. Alhaji ya tsayar da carbi ya jira. Ni ma na riƙe numfashi na jira. Leɓensa ya motsa, ya cije shi, ya sunkuyar da kai yana kallon buhu. Bai ƙara komai ba.

A nan ƙofar gidan na rangaɗa guɗa.